Jan Ruwa a Kujerar Gaba

Motar baƙa ce, doguwa, ta wani baturen gona da ke zaune a bariki. Shekarar da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu, turawa suka fara haɗa kaya suna tafiya, shi ma ya sa tasa a kasuwa. Alhaji Abdulgafaru, mai fataucin shanu daga Tamale zuwa Kumasi, shi ya saye ta. Ni ne direbansa, Zubeiru. Lori na saba ja, ban taɓa riƙe ƙaramar mota irin ta turawa ba sai a kanta.

Ran da na je ɗauko ta baturen ya riga ya wuce Ankara, babban birninmu. Kukunsa na tarar da makulli, wani tsohon Dagomba mai suna Wumpini. Ya roƙe ni in sauke shi a Gumani da 'yan kayansa. Na buɗe masa baya, ya ƙi.

"Tun da nake dafa wa mutumin nan abinci ban taɓa zama gaba ba," in ji shi. "Yau kam gaba."

A ƙasan gilashi, daidai gwiwar mai zama a gaba, akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, da baƙin kai kamar goro. Na duba duk abin da ke motar na gane aikinsa, ban da shi.

"Baba, wannan fa na mene ne?"

"Kai direba ne ba ka san maratayi ba? Na rataye kaya ne."

Ya ɗauko jakarsa ta fata, cike da cokula da wuƙaƙen da aka bar masa, ya rataye a jiki. Damina ce, ana yayyafi. Ba mu yi nisa ba gilashin ɓangarensa ya yi hazo daga ciki, kamar wani ya hura masa baki. Na goge da hannu, ya dawo. Tsohon ya fara mutsu-mutsu.

"Direba, motan nan yana numfashi a ƙafana."

Na leƙa. Ruwa ne kwance a ƙarƙashin takalmansa, ja-ja kamar wankin nama. Na taɓa, da ɗumi. Ga wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na raken da ya fara lalacewa.

"Baba, in fitsari ya matse ka ai sai ka ce in tsaya."

Ya rantse da kabarin ubansa ba shi ba ne. Na sauke shi yana ta ƙunƙuni da Dagbani. Da na koma gida na wanke wurin, na ga ɗan ƙarfen nan ya ɗan sunkuya, na tura shi sama yadda na same shi. Halina ke nan da mota: abin da ban san aikinsa ba, nakan mayar da shi yadda mai shi ya bari.

Juma'ar da ta zagayo aka ce Wumpini ya kwanta bai tashi ba. Tsoho ne. Muka ce Allah ya jiƙansa, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Alhaji a baya yake zama kullum, don haka kujerar gaba ta daɗe ba kowa. Sai wata rana za mu kara, wato kasuwar shanu, a Savelugu, ya ɗauki dillalinsa Ɗankande. Duk zango, unguwarmu ta Hausawa, an san Ɗankande da baki, ko a wurin jana'iza sai ya sa wani ya ƙunshe dariya. Ya shigo, ya ga ɗan ƙarfen, ya rataye butarsa. Kafin mu kai rabin hanya ya ɗaga ƙafafu sama.

"Alhaji! Ashe motar nan taka mace ce, kuma yau ba ta salla."

"A'uzubillahi. Ɗankande, wai bakin nan naka yaushe zai tsufa?"

"To leƙo ka gani mana."

Muka ɗora wa butar laifi. Amma butar a cike take, ruwanta fari ne mai sanyi. Na ƙasa ja ne mai ɗumi. Ɗankande ya matse bakin wandonsa yana dariya, ya ce a biya shi sabulu.

Kashegari na fito daga Kanvili ni kaɗai, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, na hango wata mata a gefen hanya ta rufe kai da buhu. Yayata ce, Humu, ta je sayo wake.

Sai na faɗi wace ce Humu a wurina. Iyayenmu sun mutu a Salaga ina jariri, ita ta goyo ni a ƙafa har Tamale. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba wanda ya tsaya. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha, kuma da su ta ciyar da ni har na yi gemu. Ko yanzu da furfura a kaina, in na yi mata musu sai ta nemi muciya.

Na buɗe mata gaba. Ta zauna a ɗarare, tana shafa kujerar, ta rataye ƙullin wakenta a maratayin. Da muka iso Lamashegu ta sauko tana yarfe ƙafa.

"Duk ƙwalisar motar nan ashe yoyo take yi kamar ɗakina? Kai da ubangidanka an cuce ku."

Ta shige gida tana dariya. Na duba rufin, ba inda yake yoyo.

A satin nan wani bijimi ya tsinke igiya a kara, ya bi ta kan mutane da yawa bai taɓa su ba, ya je ya ɗauki Ɗankande a ƙaho. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A wurin zaman makoki ne Alhaji, da bakinsa, ya ba da labarin barkwancin da marigayin ya yi a mota. Yana so a tuna shi da dariya ne. Ba wanda ya yi dariya. Wani mutumin Gumani da ke zaune a ƙarshen tabarma ya ce, "Jan ruwa? Mai ɗumi? Ai Wumpini ma ya faɗa wa 'ya'yansa haka." Na ga idanu suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya.

Kafin magariba duk zango ya ɗauka. Suka sa wa motar suna Makara. In na shigo layi mata su janye 'ya'yansu. Mai sayar mana da fetur ya koma miƙo galan daga nesa. Rabi'atu kuwa, maƙwabciyar Humu, wadda ta ga saukowarta ran nan tana yarfe ƙafa, ba ta iya riƙe bakinta ba.

Kashegari da na je tasha na ga wurin Humu ba hayaƙi, na wuce Lamashegu. Na same ta zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu tana kallon su.

"Yaya, lafiya ba ki fita ba?"

"Su biyu sun tafi. Ni ce ta uku."

"Wane irin zancen banza ne wannan? Wumpini tsufa ne. Ɗankande sa ne ya soke shi, a gaban mutane."

"Ruwan da ɗumi fa, Zubeiru."

"To sai me?"

"Wa ake zuba wa ruwan ɗumi bai roƙa ba? Jariri da gawa. Ni kuwa na wuce jariri."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na koma faɗa. Ko kallona ba ta yi ba. Tun daga ranar ta daina hura wuta. Ta ba Rabi'atu kaskon suyarta da tukwanenta. Ta aika aka yanko mata farin alawayyo na likkafani, ta naɗe ta sa a ƙarƙashin matashi. Abinci in an kawo sai ta ce a ba masu sauran kwana. Malam ya yi rubutu, ta sha don kada ta ƙi sunan Allah, ta koma ta kwanta. Na kawo mai ba da magani daga asibiti, ya duba ta ya ce bai ga ciwo ba. Matar da ke ɗaukar tulu biyu daga rijiya ta koma sai an riƙe ta za ta kewaya.

Ni ban yi makaranta ba, amma na san ruwa ba ya zuwa daga babu. In na gano inda yake fitowa na nuna mata, za ta tashi. Abin da na sa a kaina ke nan.

Na ɗage shimfiɗar ƙasan motar, na shiga ƙarƙashinta, na buɗe inji. Ban ga komai ba. Lagireto, ma'ajiyar ruwan inji, yana shan ruwa, amma a hanyoyinmu wace mota ce ba ta sha? Na tayar da ita na yi ta zagaya gari ni kaɗai, wurin a bushe. Na ɗora buhun masara a kujerar, a bushe. Na ɗaure ragon Alhaji a kai na kai shi har Savelugu na dawo. Ragon ya yi kashi, amma jan ruwa ko ɗigo.

Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Mutane suka ce, "Kun gani? Zaɓe take yi. Ɗan Adam take so."

Alhaji ya kira ni zaure. Tun rasuwar Ɗankande bai sake shiga motar ba.

"Zubeiru, na sami wani daga Bolga da bai ji labari ba. Ran kasuwa zai zo ya tafi da ita."

"Alhaji, in motar nan ta bar garin nan ban gano ruwan ba, yayata ta mutu."

"In ta zauna kuma wa za ta ci gaba? Ni?"

"Ba ta cin kowa."

"Kai dai taurin kanka ya fi na jaki. Kana da zuwa ran kasuwa."

Na tafi wurin Gariba fita, wanda ke gyaran mota a ƙarƙashin darbejiya bayan tasha. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, ya dawo da kunne ɗaya da zagi iri-iri. Yana ganin na shigo da ita ya miƙe.

"Fitar mini da Makara daga nan, kada ka kore mini mutane."

"Soja guda kana tsoron ƙarfe?"

"Wanda bai ji tsoro ba a Bama yana can har yanzu."

"Ba zama na ce ka yi ba. Kai za ka ja, ni zan zauna a kujerar. In zaɓe take yi, ta zaɓe ni in gani da idona."

Ya goge hannu ya ɗauki butarsa da 'yan sifanu.

Muka kama hanyar Kumbungu da hantsi. Na tuɓe takalma na ajiye tafin ƙafata a daidai inda na Humu suka zauna. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Muka yi ta tafiya a kan gargada. Ina kallon ƙasa, Gariba yana satar kallona. Ba komai.

"Ka gani?" in ji shi. "Ko mutuwa ba ta son ka. Ta san za ka yi mata gardama."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don in ruwan bai zubo ba, ba ni da abin kai wa Humu.

Azahar ta same mu kusa da wani tafki. Muka yi alwala muka yi salla, na cika butar Gariba don hanya. Da na koma kujerar na rasa inda zan sa ta kada ta tuntsure, sai na rataye ta a ɗan ƙarfen nan. Muka juyo gida. An fara yayyafi, muka ɗaga gilasai.

Abin da na fara ji shi ne iska mai ɗumi a ƙwaurina, a hankali, kamar kare ya sa hanci yana shinshina ni. Sai warin rake. Na ɗaga kai, gilashin gabana ya fara hazo daga ƙasa yana hawa. Sannan wani abu ya ɗiga a kan babban yatsana. Ya sake ɗiga. Na sunkuya na ga jan ruwa yana bin tsakanin yatsuna.

Gariba ya taka birki har motar ta juya gefe. Ya buɗe ƙofa ya fice, bai ko kashe inji ba. Na hango shi can a gindin wata kaɗanya yana salati da ƙarfi.

Ni kuwa ina nan zaune a kujerar. Na sha cewa ba na tsoron abin da ban gani ba. To ga shi na gani. Na tuna fuskar Wumpini yana rantsuwa, na tuna Ɗankande yana matse wando. Bakina ya bushe. Na kai hannu in ɗauki butar in kurɓi ruwa, a nan na lura ɗan ƙarfen ya sunkuya ƙasa, kamar yadda nake samun sa duk ran da abin ya faru.

Na sauke butar. Na tura shi sama. Ɗigon ya ci gaba kaɗan, ya rage, ya tsaya. Numfashin ma ya ɗauke. Na ja shi ƙasa da hannuna. Ba a jima ba ya dawo.

Na dangwali ruwan na sa a harshe. Tsatsa ce. Duk direban da ya taɓa zuƙar tiyon lagireto ya san wannan ɗanɗanon.

"Gariba! Zo da sifana, matsoracin banza!"

Sai da na yi ta kira kafin ya matso. Muka kwanta a ƙasan kujerar muka kwance wani murfin kwano da ke can ciki bayan ɗan ƙarfen, wanda na ɗauka jikin mota ne kawai. A bayansa ga wani ɗan ƙaramin lagireto, bai fi tafin hannu biyu ba, kamar saƙar zuma. Gefensa ɗaya ya ci, ya yi kore, ruwa na tsattsafowa. Tiyo biyu sun fito daga jikinsa sun huda bango sun shiga wurin inji.

Gariba ya zauna a cikin taɓo ya riƙe kai.

"Hita ce. Wallahi hita ce. Na taɓa ganin irinta a motar wani hafsa. A ƙasarsu sanyi har kisa yake yi, sai su jawo ruwan zafin inji ya bi ta nan ya gasa musu ƙafa. Wannan ƙarfen ba maratayi ba ne, famfonta ne. Kun yi ta rataya masa kaya kuna buɗe shi."

"Murhu a cikin mota? A Tamale?"

"Ai ba don Tamale aka ƙera ta ba. Kawo wuƙa. Tiyon nan biyu za mu cire mu haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwa ya riƙa zagayawa a inji abinsa. Shi ke nan ta mutu."

Na riƙe hannunsa. "Kada ka taɓa. Sai ta gani tukuna."

Da la'asar na tsayar da motar a ƙofar gidan su Humu. Kafin in fito layin ya watse, sai kawuna ta saman katanga. Na shiga ɗakin. Ta juya fuska bango, Rabi'atu na zaune tana yi mata fifita. Ban yi sallama mai tsawo ba, na sunkuce ta. Ba ta fi nauyin ƙullin wakenta ba.

"Zubeiru, sauke ni. Ka bar ni in tafi a ɗakina."

Na zaunar da ita a kan turmi a gefen ƙofar motar. Na nuna mata ɗan lagireton, na nuna mata tiyo. Gariba ya tayar da inji. Na ja ƙarfen, ruwa ya zubo. Na tura, ya tsaya. Na yi mata bayanin sanyin Ingila yadda aka yi mini. Ta saurara har na gama.

"Wato mutum ya sa wuta a cikin mota da gangan, don zafi bai ishe shi ba."

"Haka ne, Yaya."

"Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba." Ta lumshe ido. "Ko da gaske ne ma, wa ya taso da abin nan tun daga Ingila ya kawo shi kan ƙafar Wumpini? Wa ya kai shi kan ta Ɗankande? Na ji, ƙarfe ne. An aiko shi ne. Mayar da ni ciki."

Ban shirya wa wannan ba. Na ɗauka in ta gani shi ke nan. Na tsaya ina kallon ta, ga ƙasusuwan wuyanta a waje, ga inji na ta kaɗawa.

Sai na ja ƙarfen har ƙasa. Na zauna a kujerar na sa ƙafafuna biyu a ƙarƙashin ɗigon. Na tara hannu ya cika, na wanke fuska, na shafa a kai, na zuba a ƙirji. Matan da ke kan katanga suka sa salati.

"Gariba, zo kai ma ka sa ƙafa ta gani."

"Ni na san ƙarfe ne," in ji Gariba daga inda yake, "amma ina da iyali."

Na juyo wurin Humu, jan ruwa na bin gemuna. "To, Yaya, ga na huɗu. In aike ne, ya same ni har ka. Sai ki yanko mini nawa alawayyon."

Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta taso daga kan turmin ta kwaɗa mini mari, ta kama wuyan rigata ta jawo ni waje, muka zube tare.

"Ɗan banza! Na goyo ka daga Salaga ƙafata na jini don ka zo ka yi mini wannan? Rabi'atu! Ruwa! Mai sanyi, da sabulu!"

Aka kawo. Ta durƙusa ta kama ƙafata tana cuɗawa, tana zagi, tana addu'a. Sabulun ya yi ta suɓuce mata. Ta gwada ta gwada, ta kasa. Ta zauna tana haki.

"Ku ba ni wani abu in sa a cikina. Ba zan iya wanke jakin nan da yunwa ba."

Rabi'atu ta ruga ta kawo koko a kwano. Humu ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wa ya dama wannan?"

"Ni ce, Yaya Humu."

"Da kaskona da tukwanena a ɗakinki, abin da kika iya ke nan? Gobe ki dawo mini da su."

Ta shanye shi tas, idonta a kan ƙafafuna. Sannan ta ƙarasa wankin.

A nan ƙofar gidan Gariba ya cire tiyon biyu ya haɗa bakinsu, ya zaro ɗan lagireton ya miƙo mini. Ba wanda ya yarda a ajiye shi a gidansa, sai na jefa shi a tsohuwar rijiya. Alhaji ya ji bayani ya gyaɗa kai, ran kasuwa kuma ya sayar da motar ga mutumin Bolga. Na koma jan lori.

Humu ta koma bakin tasha, amma har yau ba ta yarda da zancen hita ba. A wurinta abin yana nan, ni na karɓe mata, kuma bai manta ba. Shi ya sa ba ta yarda ta kwanta ciwo, wai wa zai tsare ni. Kullum da safe kafin in tayar da lori sai na biya ta wurinta. Takan zuba mini koko, ta leƙa ƙarƙashin benci ta dubi ƙafafuna, sannan ta juya ta sallami na bayana.